Abba, Ka Bar Injin Ya Huce

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga Haruna Direba, a Haɗeja, zuwa ga ɗana Abba, a duk inda wannan takarda ta riske shi.

Sallama da gaisuwa mai yawa, da sa albarka. Ina roƙon Allah ya sa jirgi ya sauke ka lafiya, ya sa maigidan da za ka yi wa aiki ya karɓe ka da fuska a sake. Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe, da sharrin hanya, da sharrin mutum. Gwaggonka tana gaishe ka. Mu nan lafiya lau muke, sai kewa.

A tashar Malam Madori na so in yi maka magana, bakina ya ƙi. Ka dai ga yadda na tsaya ina ta gyara ɗaurin tabarmarka, alhali babu abin da ya same shi. Da jirgi ya ja, na biyo masu jakuna na dawo gari. Na tura ƙofa na yi sallama, na ɗan tsaya ina jiran amsa, sannan na tuna babu kowa a ciki. Shi ne na ce bari in nemi takarda. Bokon da na tsinta a ajin manya da tsufana yau ga amfaninsa. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun da ya saba da sitiyari ne.

An ce motar da za a ba ka sabuwa ce, kuma tsakanin Jos da Maiduguri za ka riƙa zirga-zirga. Tuƙi ka iya, ba na jin tsoron wannan. Abin da nake tsoro shi ne ruwa. Direba yakan kula da fetur don ana tambayarsa, yakan kula da baƙin mai don yana da tsada. Ruwan lagireto kuwa kyauta ne, shi ya sa ake raina shi. Ni duk wahalar da na sha a hanya, in ka bi asalinta, a bakin lagireto za ka tarar da ita.

Ka san a hannun Ba Mala na koyi mota, wani Babarbare dogo daga wajen Geidam, wanda ba ya son yawan magana. Lokacin motocin garin nan ba su da yawa, in ɗaya ta shigo har tsofaffi sukan fito kallo. Wata rana da kaka muka je Auyo ɗaukar shinkafa da busasshen kifi. Ana cikin lodi ya miƙo mini garwa ya ce in cika lagireto. Ni kuwa hankalina yana wajen 'yan matan da ke tallan dafaffen rogo, ina so su ga yaron mota yana aiki. Na ruga bakin fadama, daidai inda shanu suka gama shan ruwa suka dama wurin, na kamfata, na zo na ɗura mata. Ban ko leƙa cikin garwar ba.

Ba mu yi rabin hanya ba ta fara huci. Ba Mala ya tsaya a ƙarƙashin wata tsamiya, ya jira ta huce, ya buɗe ƙaramin famfon da ke ƙasan lagireto. Abin da ya fito ba ruwa ba ne, kunu ne. Har da ɗan talibambam guda, ya dahu. Na tsaya ina jiran mari. Bai mare ni ba. Sai ya ɗauko moɗarsa, ya tsiyayo sauran da ke gindin garwa, ya miƙo mini.

Ya ce, "Sha."

Na ce, "Ba Mala, ba zan iya ba."

Ya ce, "To ita me ta yi maka?"

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ranar ni na yi ta jigilar ruwa daga wata rijiya mai nisa, muna zubawa muna tsiyayewa, har ya fito garau.

Don haka, Abba, ruwan da ba za ka iya kai wa bakinka ba, kada ka ba motarka. Cikin lagireto 'yan hanyoyi ne sirara kamar tsinken tsintsiya, laka kaɗan ta ishe su toshewa. In babu wani ruwa sai na kogi, ka naɗe wando ka shiga inda yake gudu, kada ka ɗiba a baki. Ka ajiye garwar ta kwanta. In da 'ya'yan zogale kusa, ka daka kaɗan ka zuba, za su ja lakar ƙasa. Sannan ka tace da ƙyalle mai tsabta, ka bar na gindin ka zubar.

Da na zama direban kaina na ɗauka na gama sanin ruwa. Ashe akwai wanda ido ba ya gane shi. Wani Alhaji mai sayen gyaɗa ya ba ni motarsa, ina kwaso masa buhuna daga ƙauyukan Kaugama zuwa tashar jirgi. Akwai wata rijiya a bakin hanya da nake son tsayawa, don mutanen wurin suna da kirki, kuma ruwanta fari tas. Na kan ji ɗan zartsi a harshe in na sha, amma na ce ai mota ba ta da harshe. Shekara ta juyo ina ba ta wannan ruwa. Sannu a hankali ta fara zafi a inda da ba ta yi. Daga baya ko a miƙaƙƙiyar hanya, ba kaya, sai ta tafasa. Na canza fambel, na wanke gaban lagireto, duk a banza.

Sai da aka kai ta wajen wani fita, wato makaniki, a Kano. Ya cire saman lagireton ya kira ni ya ce in leƙa. Ka san farin abin nan da ke kama cikin tsohuwar butar shayi? Shi ne ya cika ko'ina, ya yi tauri kamar dutse. Fitan ya ce, "Direba, kanwa kake dafawa a ciki?" Yaransa suka yi ta dariya. Motar nan ta zauna a garejinsa a tsakiyar kakar gyaɗa. Ni kuma na dawo gida na zauna a bakin tasha, ina kallon abokaina suna lodi suna wucewa, suna ɗaga mini hannu. Alhaji bai kore ni ba, amma ya daɗe bai kalle ni ya yi murmushi ba.

Hanyar da za ka bi ta gabas, an ce rijiyoyin zartsi sun fi na nan yawa. In ka isa garin da ba ka sani ba, kafin ka jefa guga ka je wajen mai shayi ka ce ya nuna maka cikin tukunyarsa. In ka ga ta yi farin ɓawo, ka sha shayinka ka yi gaba. Ko ka wanke hannu da sabulu: ruwan da sabulu ba ya kumfa a cikinsa, ba na mota ba ne. Kuma ka riƙa tafiya da naka a duro, kada ƙishirwa ta sa ka karɓi abin da ka samu.

Ruwan da ya fi kowanne shi ne na sama. Mahaifiyarka ce ta ɗauke mini wannan nauyi, ba tare da na roƙe ta ba. Da ta ji abin da ya faru a Kano, sai ta ware randa guda a bayan ɗaki ta ce ta mota ce. Ba ta tarar na indararo, don yana zuwa da ƙasar soro. In hadari ya haɗo sai ta bar ruwan farko ya wanke sama, sannan ta jera tasoshi da ƙore a tsakar gida. Ta tace, ta zuba, ta rufe da faifai ta ɗora dutse. Ko baƙo ya zo da ƙishirwa ba a taɓa wannan randa. Maƙwabta har tsokanarta suke yi, suna cewa ta fi kula da motar Alhaji a kan mijinta. Ita kuwa sai ta ce, "In motar ta sha mai kyau, ai ita za ta dawo mini da shi." A Jos an ce rufin kwano ya yi yawa, ruwan sama ba zai yi maka wuya ba. Ka nemi duro mai murfi ka tara.

Kada kuma ka ce tunda ka zuba mai kyau shi ke nan. Ruwa yana tsufa a cikin inji, yana jan tsatsa. Ni a ƙarshen damina da farkon bazara nake canzawa, ko kuma duk ranar da na leƙa na ga ya fara ja. Da safe ake yi, kafin a tayar da mota, tana sanyi. Ka buɗe murfin sama, ka buɗe famfon ƙasa. Akwai wani kuma a jikin injin kansa, da yawa ba su san da shi ba, ka nema ka buɗe, don a nan dattin yake kwanciya. In ya ƙi zuba ka zura 'yar waya ka sosa. Ka yi ta zuba mai kyau ta sama har na ƙasa ya fito kamar yadda ya shiga. Sannan ka rufe, ka cika a hankali, ka tayar da ita ta ɗan yi aiki, ka kashe, ka bari ta huce, ka sake dubawa, don za ka tarar ya sauka. Ka matsa tiyo da hannu, in ka ji ya yi laushi kamar dafaffiyar kabewa ko ya fara tsagewa, ka canza shi tun a gari. Ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi da ke maƙalewa a gaban lagireto kuma, ka riƙa kakkaɓe su.

Can wajen Turawa za ka ga wani shuɗin ruwa a gwangwani. Na taɓa ganinsa a motar wani Bature da ya zo da ita daga ƙasarsu. Kukunsa ya gaya mini wai don kada ruwa ya daskare a inji ne saboda sanyin can, wani kuma an ce yana hana tsatsa. Ban san shi sosai ba, ba zan yi maka ƙarya ba. In maigidanka ya ce a zuba, ka tambayi fitan da ya san motar wane iri ne nata da yadda ake surka shi, kada ka haɗa iri biyu don ka ga duk gwangwani ne. Abu guda na sani tabbas: guba ne, kuma yana da zaƙi. Ranar da aka tsiyaye na Baturen nan a ƙasa, akuyar mai gadi ta lashe, ba ta ƙara tashi ba. In ka tsiyaye irinsa ka haƙa rami ka binne, nesa da rijiya da inda yara ke wasa.

Wata wautar tawa kuma har yau in na tuna nakan yi dariya ni kaɗai. Ƙaya ta huda mini lagireto a hanyar Jahun, yana ɗiga. Wani fasinja ya rantse mini cewa garin kuka yana toshe huda, wai a gabansa aka yi. Wata tsohuwa ta kwance ƙullinta ta ba ni, na zuba. Ɗigar ta tsaya kuwa. Muka ɗan taɓa tafiya sai ƙamshi ya cika mota. Tsohuwar ta leƙo daga bodi ta ce, "Direba, saura daddawa da tuwo!" Kowa ya fashe da dariya. Kafin la'asar kukar ta toshe hudar, ta toshe duk sauran hanyoyin ruwan tare da ita. Za a ba ka shawarar ɗanyen ƙwai, za a ba ka ta garin taba. Ka yi godiya, kada ka zuba. Ka murza sabulu ka liƙe ta waje, ka riƙa ƙara ruwa kana lallaɓawa har gari, mai dalma ya liƙe maka ta gaskiya. Fasinja in mota ta mutu zai sauka ya hau wata. Kai ne za ka zauna da ita.

Tabon da ke hannuna na dama har zuwa wuya, wanda kake shafawa kana ƙarami kana tambaya ko wuta ce, ka san na mota ne, amma ban taɓa gaya maka yadda aka yi ba. Ba Mala ya tsufa, idonsa ya fara rauni, ya ce zai koma garinsu. Na ce ba wanda zai kai shi tashar jirgi sai ni. Na zaunar da shi a gaba kusa da ni, yana rungume da ɗan akwatinsa. Muka makara wajen lodi, ga rairayi, ga rana. Muna hango hayaƙin jirgi daga nesa sai mota ta tafasa. Fasinjoji suka hau ihu suna dukan bodi.

Ba Mala ya ce, "Haruna, kashe ta ka zauna."

Na ce, "Jirgin zai tafi ya bar ka."

Ya ce, "Ya tafi mana. Gobe ma akwai Geidam."

Ban ji ba. Ina so in fita kunyarsa, in nuna masa yaron da ya koyar ya isa. Na yi tsalle na sauka, na ɗaga banet, na kama murfin da hannu. Ban ma gama murɗawa ba ya ƙwace. Allah ya taimake ni fuskata tana gefe. Abin da na tuna kawai shi ne ina birgima a cikin rairayi, Ba Mala yana kwarara mini ruwan duro yana kiran sunan Allah.

Jirgi ya tafi. Tsohon nan ya fasa tafiyarsa, ya dawo gidan nan ya zauna a zaure yana jinyata. Shi yake kore mini ƙuda da mafici, mahaifiyarka tana miƙo abinci daga ciki. Bai taɓa ce mini ai na gaya maka ba. Sai da ciwon ya bushe sannan ya ɗauki akwatinsa, ya ce wannan karon da jaki zai je tasha. Daga ranar ban sake ganinsa ba. Na yi ta tambayar direbobin gabas, wani ya ce ya gan shi a kasuwa, wani ya ce ya rasu. Har yau ban san gaskiya ba. Haka hanya take, za ta haɗa ka da mutum ya zame maka uba, sannan ta ɗauke shi ba sallama. In ka samu irinsa ka riƙe shi tun yana kusa, ka san garinsu da unguwarsu da sunan wani nasa. In Allah ya kai ka wajen Geidam ka tambaya mini, ko kabarinsa ne a nuna maka.

Murfin lagireto kuwa, in tana huci, ko Sarki ne a motar kada ka taɓa. In ta huce, ka ninka buhu ka ɗora, ka kau da fuska, ka murɗa kaɗan iska ta fita tukuna.

Za ka ce wanda ya ƙone haka ya gama koyon haƙuri. Ni ma haka na zata.

Wannan na ƙarshe ka ji shi a bakin gwaggonka, ka ji a bakin mutanen unguwa. Ban ɓoye shi ba, amma ban taɓa iya zaunar da kai in faɗa maka da bakina ba. Kana ɗan ƙarami, ba ka daɗe da fara tafiya ba. Bazara ce, irin wadda sanƙarau ke shiga gari. Ina Kano ina lodin gishiri da kananzir, sai wani mutumin unguwarmu da ya sauko daga jirgi ya neme ni a tasha. Ya ce, "Haruna, ka je gida. Mai ɗakinka ba ta da lafiya, wuyanta ya ƙage." Jirgin da zai koma ya riga ya wuce, wani kuma sai an kwana biyu. Na ɗaure kayan da aka loda, na bar sauran a ƙasa, na kama hanyar Jahun.

Ban tsaya ko'ina ba. Na san ya kamata in huta da ita in rana ta take, in duba ruwa, ban yi ba. Bayan na wuce Jahun, wajen azahar, na shiga wani dogon rairayi da babbar giya ba ta ja, sai ƙarama. Ina fita daga ciki tururi ya turnuƙe gabana. Tiyo ya fashe, ruwan duk ya tsiyaye, injin ya yi zafin da ko kusa da shi ba a iya tsayawa. Ina da wani tiyon a akwati, na ɗaura shi da tsumma a hannu, yana ƙona ni. Kusa da wurin akwai ƙauye, da rijiya mai zurfi, irin wadda ruwanta ke da sanyi ko da tsakar rana. Wani dattijo yana ba shanunsa ruwa. Na karɓi gugansa na cika garwa.

Ya ce, "Bawan Allah, ka zo inuwa ka sha fura, ka yi salla, ƙarfen nan ya sarara."

Na ce, "Baba, matata ce ba lafiya."

Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Amma ka zauna."

Shi bai san mota ba, ya dai ga halin da nake ciki. Ni na san mota. Na san in inji ya ƙone haka ba a ba shi ruwan sanyi, sai ya huce da kansa, sannan a tayar da shi a riƙa zuba masa kaɗan-kaɗan yana aiki. Na sani sarai. Na ɗaga garwar nan na juye ta gaba ɗaya.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙas, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Na wana handul ɗin tayar da inji, ta tashi, na ji daɗi, sai na ga farin hayaƙi yana fita ta baya, ruwa yana tsartuwa. Na zaro sandar awon mai na ga ya koma fari kamar an dama shi da nono. Kan injin ya tsage. Na zauna a kan matakalar mota na rasa abin da zan yi. Dattijon ya zo ya tsaya kusa da ni.

Na damƙa motar da kayan mutane a hannun mai garin, na kama hanya da ƙafa. A wannan hanya a wancan zamani sai a wuni a kwana mota ba ta wuce ba. Na yi tafiya, na samu masu raƙuma suka ɗan rage mini, na sake sauka na ci gaba. Ban taɓa sanin ƙasar nan tana da faɗi haka ba sai ranar. Fadama duk ta bushe ta tsattsage, ba kowa sai ni da inuwata, ina tafe ina lissafin inda da yanzu na kai in da na zauna na sha furar nan.

Da na iso, tun daga bakin unguwa na ga tabarmi a ƙofar gida. An riga an kai ta. Gwaggonka ta fito da kai a goye. Ita ta gaya mini cewa ranar da na baro Kano mahaifiyarka tana cikin hankalinta, tana magana, har washegari da hantsi. Ta ce duk abin da ya yi ƙara a waje, ko niƙa ake yi a maƙwabta, sai ta buɗe ido ta ce, "Yaya, motar ce?"

Ban ce da na iso da ta rayu ba. Kwananta ya ƙare, ba direban da ya isa ya ƙara mata ko ɗaya. Amma da na bar injin nan ya huce gwargwadon a yi alwala a yi salla a sha fura, da kafin rana ta faɗi ina gabanta. Da ta ga fuskata, da na ji abin da take so ta ce mini. Gaggawar da na yi don in same ta, ita ce ta hana ni samunta.

Na ci gaba da tuƙi bayan haka har idona ya gaza, don ba ni da wata sana'a. An yi ta ba ni shawarar in sake aure, ban ƙi ba, ban dai yi ba, har lokaci ya wuce. Kai kada ka yi haka. In ka zauna da gindinka ka samu 'yar mutunci, ka aiko a yi magana. Mutumin da ke wuni shi kaɗai a bayan sitiyari yana bukatar inda zai yi sallama a amsa masa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na tsufa, ƙafafuna suna kumbura, tari kuma ba ya barina. Ba ina tsorata ka ba ne, yau da ƙafata na je masallaci. Amma wata rana, kusa ko nesa, wani zai neme ka a tasha ya ce maka ka je gida. Na san jinin da ke jikinka, na san abin da za ka yi. To ka ji umarnina tun yanzu, ina da hankalina.

Ka duba ruwanka kafin ka tashi. In rana ta take ka tsaya a inuwa. In ta tafasa ka kashe ta, ka yi alwala, ka yi salla, in an ba ka fura ka sha. Kada ka ce Baba yana jira. Ina jira ɗin, ba zan yi maka ƙarya ba, duk motar da ta wuce ta bakin kasuwa sai na ɗaga kai. Amma in ka iso ka same ni, alhamdu lillahi. In ka tarar an kai ni, to ka sani babu komai tsakanina da kai sai alheri. Na yafe maka duniya da lahira, abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Ba ni da wata magana da na ajiye sai ka zo, duk ga ta nan na faɗa. Liman da maƙwabta sun san inda nake so a sa ni, kusa da ita. Ba sai ka fasa inji ko ka ƙona hannunka a kaina ba. Ka iso lafiya, ko da a makare.

Allah ya yi maka albarka. Allah ya sa ka fita lafiya ka dawo lafiya, kai da duk wanda ya hau bayanka. Ya kare ka daga gangara da santsi da barcin rana. Ya haɗa ka da mutanen kirki a kowace rijiya. Ya jiƙan mahaifiyarka, ya jiƙan Ba Mala in ya riga mu, ya sa mu cika da imani.

In ka samu mai zuwa wajenmu, ka aiko da layi biyu. Zan iya karantawa, in ka yi manyan baƙaƙe.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna Direba, Haɗeja.